Windows 10, Windows 11 ko Linux Mint: wanne taskba ne zai fi maka daɗin aiki?

Kwanakin baya ƙanwata da take aikin taifin a wani shagon kwamfuta ta kawo min laftof ɗinta, HP EliteBook 840 G5, tace Yaya kullum na kunna sai naga saƙo wai in koma Windows 11, ni kuma na taɓa ta abokin aikina naga komai ya taru a tsakiya, sunan fayil ɗin da na buɗe ma bana gani a ƙasa, kuma ga wani yazo yana ce min wai in watsar da su duka in sa Linux. To ita ba ruwanta da wani dogon bayanin injiniyoyi, abinda ya dameta shine layin nan na ƙasan sikirin da ake kira taskba, wanda maɓallin Start yake kai, da agogo, da alamar batir da ta wayifai, da duk wani abu da ka buɗe. Kuma tana da gaskiya, dan mai aikin taifin hannunsa yana zuwa wurin nan sau babu adadi a wuni, in ya canja maka to aikinka gaba ɗaya ne ya canja. Nasan ba ita kaɗai bace a wannan tsaka mai wuyar, shiyasa na zauna na rubuta abinda na faɗa mata da ma wanda ban samu lokacin faɗa ba.

Zaɓin guda huɗu ne a gaskiya: ka zauna akan Windows 10, ka koma Windows 11 yadda yake, ka koma 11 amma ka ɗora masa ƙaramar manhaja da zata dawo maka da tsohon taskba, ko kuma ka bar Windows ɗin ka sa Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne da yake maye gurbin Windows. Ban sa Mac a lissafi ba saboda wannan maganar sayen sabuwar na'ura ce dungurungum, zan ɗan taɓa shi a gaba kaɗan.

Ga abubuwan da zan auna su da shi. Na farko kuɗi, har da kuɗin data, dan a wurinmu saukar da abu mai giga 5 ba ƙaramin lamari bane. Na biyu wa'adi, wato har yaushe masu shi zasu cigaba da toshe masa ƙofofin ɓarayin intanet. Na uku sauƙin aiki, kuma a nan nafi zama: shin kana ganin sunan kowane windo da ka buɗe, kana iya matsar da layin gefe ko sama, kana ganin kason batir ba sai ka taɓa ba, kana iya sauya kibod daga Turanci zuwa Hausa ko Larabci da sauri. Na huɗu haɗari, me zai iya lalacewa, kuma in ya lalace wa zai gyara maka a garinku.

Amma kafin komai duba jenareshan ɗin kwamfutarka, dan shine zai raba gardama tun kafin a fara. Shiga Settings, System, About, ka karanta sunan firosesa. In kaga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan 8 ce, wato jen na 8, Windows 11 zai karɓeta. In kaga i5-6300U jen na 6 ce, a hukumance ba zai karɓa ba. Sharuɗan Microsoft sune Intel jen na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da TPM 2.0 wato wani ɗan ɓangaren tsaro da yake cikin kwamfutar, da RAM giga 4, da wurin ajiya giga 64. Laftof ɗin hannu da suka cika kasuwanninmu, daga Beirut Road a Kano har Banex a Abuja, da yawansu irin su EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 jen na 6 ne, su kuma irin 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 yawanci jen na 8 ne, wasunsu na 7. Bambancin lamba biyu kacal, amma shi ke yanke hukunci.

Zama akan Windows 10

Maganar gaskiya in dai taskba kaɗai za'a duba, Windows 10 ne gwarzo a cikin na Microsoft. Ya gaji duk abinda aka tara tun Windows 95 da aka fara kawo taskba, da abinda Windows 7 ya ƙaro a 2009 na maƙala manhaja a kai da jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan in ka danna dama akan alamar. Danna maus na dama a duk inda babu komai a layin, zakaga dogon jeri ya fito, Task Manager mai nuna manhajojin da suke aiki ka kashe wadda ta sandare yana nan, jera windo gefe da gefe yana nan, kulle layin yana nan. In ka cire kullen zaka iya jansa da maus ka kaishi hagu ko dama ko sama, zaka iya ƙara masa kauri ya zama sahu biyu. Wannan ba kwalliya bace fa. Yawancin laftof ɗin hannu sikirin ɗinsu 1366 sau 768 ne, faɗi akwai amma tsayi babu, to in ka mayar da taskba gefen hagu sai ka samu ƙarin layukan rubutu a Word ko Excel, ko kuma ka kunna ƙananan alamomi layin ya ragu daga fiksel 40 zuwa 30.

Abinda ƙanwata tafi so a ciki kuwa wani abu ne da mutane da yawa basu ma san dashi ba. Tana da folda ɗaya da ta zuba samfurin duk abinda kwastoma suke yawan nema, CV, takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, katin walima, yarjejeniyar haya, sai ta danna dama a taskba ta shiga Toolbars ta zaɓi New toolbar ta nuna masa foldar. Yanzu can kusa da agogo akwai sunan foldar da wasu ƴan kibiyoyi biyu, tana dannawa jerin ya miƙe sama ta zaɓi wanda take so, mutum yana tsaye a kanta kafin ya gama faɗin sunan ango fayil ɗin ya buɗe. Wannan abin babu shi a Windows 11, an cire shi.

Akwai ƴan abubuwan da ya kamata ka kashe. Wannan yanayin gari da labarai da aka liƙo a 2021, News and interests, yana jan data kuma da ka gifta da maus sai ya buɗe, danna dama ka zaɓi Turn off. Dogon akwatin bincike shima yana cin wuri a banza, ɓoye shi, tunda in ka danna maɓallin Windows ka fara rubutu ai binciken ne. Kason batir kuma baya fitowa da kansa sai ka ɗora maus akai, wannan kam rauni ne ga mu da muke aiki ido ɗaya akan sikirin ido ɗaya akan kwan NEPA.

Kuɗi babu ko sisi tunda shi kake dashi. Matsalar wa'adi ce, kuma babba ce. Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli 2015, Microsoft ta daina bashi afdet na tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025. Sun buɗe wani shiri da suke kira ESU na ƙarin shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko ka haɗa da akawun ɗin Microsoft ka kunna ajiyar setin ɗinka a wurinsu su baka kyauta. Kwamfutar ba zata mutu ba ranar da wa'adin ya cika, zata kunnu lafiya lau, sai dai duk wata ɓaraka da aka gano bayan nan a buɗe zata zauna. In kwamfutar shago ce da kullum ake soka mata filash ɗin mutane goma sha, ko kuma kana shiga banki da imel da ita, wallahi ban baka shawarar ka zauna a haka saboda son taskba ba.

Komawa Windows 11 yadda yake

Ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma yawancin baƙin jinin da yake dashi daga wannan fitowar ta farko ya samo shi. Sabon taskba suka rubuta daga tushe, sai abubuwa da dama suka zube a hanya: baka iya jan fayil ka jefa akan alamar manhaja, danna dama baya nuna Task Manager, duk windo na manhaja ɗaya dole su dunƙule a ƙarƙashin alama ɗaya babu suna, ga komai a tsakiya. Wanda ya gwada a wancan lokacin ya gudu yana da hujja. Amma mutane da yawa har yanzu labarin 2021 suke bayarwa alhali abubuwa sun dawo ɗaya bayan ɗaya, jan fayil ya dawo a 2022, Task Manager a danna dama shima a ƙarshen 2022, daƙiƙa a agogo a 2023, raba windo da nuna sunayensu a ƙarshen 2023, kason batir akan layin kuma a ƙarshen 2025.

To abinda abokin aikin ƙanwata bai yi ba shine gyaran minti uku. Danna dama a taskba, Taskbar settings, sauka ƙasa zuwa Taskbar behaviors. A wurin Taskbar alignment zaɓi Left, Start ya koma kusurwarsa ta hagu inda hannunka ya saba. A wurin Combine taskbar buttons and hide labels zaɓi Never, nan take kowane fayil ɗin Word zai tsaya da kansa da sunansa. Wannan na biyun shine mafi muhimmanci ga mai taifin, dan ka ɗauka ɗalibai uku sun kawo furojet, kowa da babi na ɗaya zuwa na biyar, duk a buɗe, in suna dunƙule sai ka ɗora maus ka jira ƙananan hotuna su fito ka ƙura ido kana neman wanne ne na wa, shafukan kuma duk farare ne iri ɗaya. In a rabe suke kallo ɗaya ya isa. Sannan a saman shafin setin ɗin ka kashe Widgets ka rage akwatin bincike, shikenan ka samu wuri.

Yana da nasa alherin da 10 bashi dashi, kar a zalunce shi. In ka jera windo biyu ko uku a sikirin ta hanyar Win da Z, yana riƙe jerin a matsayin rukuni, ka ɗora maus akan ɗaya daga cikinsu a taskba zakaga rukunin gaba ɗaya ka dawo dasu da danna ɗaya, ga mai kwafar rubutu daga PDF zuwa Word wannan abu ne mai daɗi sosai. Ka ɗora maus akan alamar sauti ka murza tayar maus, ƙara tana hawa tana sauka. Akwai kuma End task da zaka kunna a cikin setin, daga nan duk manhajar da ta sandare danna dama kawai zakayi akan alamarta ka kasheta ba sai ka buɗe Task Manager ba, mai RAM giga 4 ko 8 da Chrome yake yawan riƙe masa wuya zai gane amfanin wannan.

Abinda bai dawo ba shine Toolbars ɗin nan na folda, da kuma sahu biyu, sannan tun fitowarsa har ƙarshen 2025 babu hanyar matsar da layin gefe ko sama a cikin setin, sai dai ka sa ya riƙa ɓuya da kansa. Ga shi yafi kauri, fiksel 48, akan ƙaramin sikirin ana jin sa. Wayifai da sauti da batir kuma an haɗe su a maɓalli ɗaya, sauya netwok ya ƙara danna ɗaya, ga wanda yake tsalle tsakanin hotsifot ɗin waya da rauta sau biyar a rana abin yana ɗan gundura. Madadin foldar ƙanwata da na samar mata shine ta maƙala foldar a Quick access, wato jerin foldoji na kusa da yake cikin File Explorer, sai ta danna dama akan alamar File Explorer a taskba ta ganta a jerin, sannan samfuran Word ɗin ta maƙala su a jerin Word ɗin kansa. Bai kai na da sauri ba amma yana aiki.

Kuɗi: in Windows 10 ɗinka na asali ne kuma na'urar ta cika sharuɗa, hawa 11 kyauta ne, data kawai zaka ƙona, fayil ɗin ya haura giga 5, a nemi wayifai ko datar dare. Sayen lasisi sabo daga Microsoft dala 139 ne na Home, Pro kusan 200. Ga wani abu da ya kamata ka sani: in Windows ɗin ba'a yi masa aktibeshan ba, setin ɗin kwalliya har da na taskba a kulle suke, zaka gansu sun dushe basa dannuwa, wato duk gyaran da na lissafa a sama ba zai yiwu ba ta hanyar da aka saba. In zaka sayi laftof a kasuwa, tun a gaban mai shagon ka shiga Settings, System, Activation in 11 ne, ko Settings, Update & Security, Activation in 10 ne, ka gani da idonka. Wa'adi kuma shine mafi kwanciyar hankali a ɓangaren Windows, kowane zubi na shekara ana kula dashi wata 24 a Home da Pro, sai ka hau na gaba.

Masu jen na 6 da na 7 kuma, eh nasan masu gyara suna tsallake shingen da wata manhaja mai suna Rufus su ɗora maka 11 ya tashi. Yana aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara bata ɗauki alƙawarin cigaba da baiwa irin wannan na'urar afdet ba, kuma babban zubin shekara sau da yawa baya zuwa da kansa sai an sake ɗorawa da hannu. In kana da mai gyara na kusa da ka yarda dashi to da sauƙi, in babu ka san da wannan nauyin.

Windows 11 da manhajar gyara

Wannan na waɗanda suka ce su fa sai tsohon layinsu ne. StartAllBack ana sayensa kusan dala 5, yana dawo da matsar da taskba kowane gefe da ƙananan alamomi da tsohon Start. Start11 na kamfanin Stardock shima na kuɗi ne. ExplorerPatcher da Windhawk kyauta ne. Sauƙin aiki kam ba'a magana, ka samu tsaron 11 da hannun 10 a wuri ɗaya.

Haɗarin ne yasa bana saurin nuna wa kowa wannan hanyar. Waɗannan manhajojin shiga suke cikin Explorer, wato abinda yake zana taskba da destof ɗin kansa, to duk ranar da babban afdet ya canja wani abu a ciki kafin masu manhajar su gyara nasu, kana iya kunna kwamfuta kaga layin yana ƙyaftawa ko ya ɓace ɗungum, baƙin sikirin da kibiyar maus kawai. Ba mutuwa bace, Ctrl da Shift da Esc zai buɗe Task Manager ka bi ta nan ka cire manhajar, amma ka tambayi kanka ko zaka iya wannan da safiyar Litinin kwastoma na jira. Haɗari na biyu yafi na farko: biyan dala 5 da katin naira ba kullum yake wucewa ba, sai mutum ya tafi neman wanda aka fasa a wani shafi, ya sauke abinda zai zauna a tsakiyar tsarin kwamfutarsa da cikakken izini. Kar ka yi. In na kyauta zaka sa ka ɗauko daga shafin masu shi, in na kuɗi ne ka biya ko ka haƙura.

Linux Mint

A nan sunan layin panel, kuma in kaga Mint mai Cinnamon, wato babbar fuskar destof ɗinsa, karon farko zaka ɗauka ɗan uwan Windows 7 ne, menu a kusurwar hagu, agogo a dama, manhajoji a tsakani. Wajen juya shi yadda kake so ya wuce duka Windows biyun. Ka kaishi kowane gefe, ka ƙara na biyu a sama in kana so, ka saita tsayinsa da kanka, ka raba windo ko ka haɗe su, ka nuna suna ko ka ɓoye. Alamar batir tana iya nuna kaso da sauran lokacin da ya rage a rubuce kullum, agogo kuma ka tsara shi ya nuna rana da wata da daƙiƙa. Afdet wata ƴar garkuwa ce a gefen agogo, tana sanar da kai ne kawai, sai ka ga dama ka danna, ba zata kama saukar da kaya da datarka ko ta sake kunna maka kwamfuta kana tsakiyar aiki ba. Babu labarai, babu talla a layin.

Kyauta ne gaba ɗaya, fayil ɗin kusan giga 3. RAM giga 2 ya isa ya tashi, giga 4 yafi daɗi, ba ruwansa da TPM ko jenareshan, wato 840 G3 ɗin da Windows 11 ya ƙi zata ɗauke shi cikin sauƙi. Mint 22 da ya fito a Yulin 2024 za'a kula dashi har 2029. Kuma zaka iya gwada shi daga filash ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba, ka kunna wayifai ka gwada firinta ka ji sauti, in bai maka ba ka zare filash ɗin komai na nan yadda ka bari.

Cikas ɗin ba a layin yake ba, a abinda zaka maƙala akai yake. CorelDRAW baya aiki a kai, Photoshop haka, Microsoft Office na ɗorawa shima haka. Akwai LibreOffice yana buɗe fayil ɗin Word da Excel, amma furojet mai tebura da lambar shafi iri biyu yakan ɗan goce, kuma ɗalibin da malaminsa ya dawo masa da aiki saboda tsari ya wargaje kai zai zo ya samu. Sannan masu gyara da suka san Linux basu da yawa a garuruwanmu, in abu ya tsaya yawanci kai da intanet ne. Ga wanda aikinsa burauza ne, imel, YouTube, WhatsApp na kwamfuta ta burauza, karatu da rubutu, ko koyon furogiramin, duk wannan ba matsala bace.

Shi kuwa Mac, nasa layin da ake kira Dock wata tarbiyya ce daban, manhaja yake nunawa ba windo ba, yana zama ƙasa ko hagu ko dama, agogo da batir suna can sama a wani layin, kuma rufe windo baya kashe manhajar sai ka danna Cmd da Q. In har zaka saya na hannu ka sani macOS Tahoe na 2025 shine na ƙarshe da zai hau masu firosesar Intel, gara mai firosesar Apple M1 zuwa sama.

| Abin dubawa | Windows 10 | Windows 11 | 11 da manhajar gyara | Linux Mint |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | babu, ESU dala 30 ko kyauta da akawun | kyauta in 10 ɗinka na asali ne | kyauta ko daga dala 5 | kyauta |
| Wa'adin tsaro | ya ƙare Oktoba 2025, ESU zuwa Oktoba 2026 | yana cigaba | na 11 ne | Mint 22 zuwa 2029 |
| Sunan kowane windo | akwai | akwai tun 2023 | akwai | akwai |
| Matsar da layin | kowane gefe | ƙasa kawai har ƙarshen 2025 | ya danganta da manhajar | kowane gefe |
| Folda akan layin | akwai | an cire | wasu suna dawo da ita | sai an ƙara ƴar manhaja |
| Kason batir a fili | sai ka ɗora maus | akwai a sabon afdet | ya danganta | akwai har da lokaci |
| Tsohuwar na'ura | tana ɗauka | jen na 8 zuwa sama | kamar 11 | tana ɗauka |
| Babban haɗari | ɓaraka ba gyara | wahalar sabawa ta ƴan kwanaki | afdet ya karya layin | rashin Corel da Office |

Akwai abubuwan da duk wanda ka zaɓa a Windows biyun suna nan, kuma in ka riƙe su rabin gardamar ma ta faɗi, dan hannunka zai rage zuwa layin. Jera manhajojinka na kullum a farko, sai Win da 1 ya buɗe ta farko, Win da 2 ta biyu, har 9, wannan ma yana aiki a Mint. Shift da danna alama yana buɗe sabon windo na manhajar, haka danna tayar maus. Win da D yana share komai ya nuna destof. Win da Space kuma yana sauya kibod, in ka ƙara Hausa a cikin harsuna zakaga HAU ko ENG kusa da agogo, ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka je kwafo su ba, mai rubuta ayoyi ya ƙara Larabci, ƴan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ƙara Faransanci. Mint shima yana da kibod ɗin Hausa, har iri biyu, na Najeriya da na Gana. Sannan a setin ɗin lokaci na Windows zaka iya ƙara agogo biyu, ka ɗora maus akan agogon su fito, mai ɗan uwa a Makka ya sa na Saudiyya da yake gabanmu da awa 2, mai sayo kaya daga Guangzhou ya sa na Sin da yake gaba da awa 7.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne. In na'urarka jen na 8 ce zuwa sama kuma aikinka Word da Excel da Corel ne, koma 11, kayi gyaran nan na hagu da Never a ranar farko, ka baiwa hannunka sati ɗaya. Abinda ƙanwata tayi kenan, bayan mun kwashe fayilolinta a hadis (hard disk) na waje tukuna. In kai mai shige-shigen kwamfuta ne, baƙin sikirin baya tsorata ka, kuma sikirin ɗinka ƙarami ne kana buƙatar layin a gefe, 11 da StartAllBack na asali zai maka, ka riƙa sabunta shi kafin ka bari babban afdet ya shiga. In na'urarka jen na 6 ko 7 ce kuma rayuwarka a burauza take, ɗalibi ko malami ko mai koyon kodin, gwada Mint daga filash a ƙarshen mako, in firinta da wayifai sun amsa ka ɗora. In kuma tsohuwar na'ura ce kuma abincinka yana cikin CorelDRAW, zauna akan 10 ka shiga ESU in da sauran wa'adi, ka daina shiga banki da imel da ita, ka mayar da wannan kan waya, ka riƙa sikanin kowane filash kafin ka buɗe, sannan ka fara tarin kuɗin jen na 8 tun yanzu.